Gurbin Cajin Mota Na Wanda Yake Caji Ne

Tun ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama aiki, lissafin duk wani mai abin hawa a Kano ya rikice. Litar da ake saye a ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma sai da ta zarce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Wannan tsada ce ta sa mutanen da a da ba sa ko kallon abin hawa mai batir suka fara tambayar farashinsa. Ƙananan babura masu caji sun shigo unguwanni, adaidaita sahu masu batir sun fara bayyana a tituna, motocin lantarki ma jifa-jifa ana cin karo da su. Duk inda waɗannan suka yawaita dole wuraren caji na jama'a su biyo baya, kuma a duk ƙasar da aka kafa wuraren caji, rigima ɗaya takan biyo su: mai motar fetur ya zo ya ajiye motarsa a gaban na'urar, ya kulle, ya tafi sabgar gabansa.

Ra'ayina shi ne Majalisar Dokokin Jihar Kano ta rubuta ƙarara, a cikin dokokin hanya, cewa gurbin da aka keɓe don caji ba ya halatta ga kowane abin hawa sai wanda yake jone da na'urar yana shan wuta, ta sanya wa laifin tarar da kowa ya sani, kuma a fara aiki da wannan tun yanzu da wuraren ba su taka kara sun karya ba. Na san da yawa za su ce gaggawar me ake yi, a garin da ruwan famfo ma sai an yi da gaske, a ce ana maganar kare haƙƙin motocin da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wannan ƙorafi yana da nauyi, amma ina ganin ƙarancin motocin shi ne babban dalilin da ya sa yanzu ne lokacin.

Mun san yadda ɗabi'ar mamaye wuri take kafuwa a garin nan. Hanyar masu tafiya a ƙasa da ke gefen manyan tituna an yi ta ne don ƙafa, amma a kewayen Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari ta daɗe da zama ta masu tebura da masu fakin, har ya kai ga duk ranar da hukuma ta zo tashinsu, su ne ake tausaya wa, mai tafiya a ƙasa kuma an manta cewa shi aka ƙwace wa. Mutumin da ya shekara goma yana ajiye mota a wuri yana ganin wurin nasa ne, ranar da aka ce ya matsa kuwa sai ya ɗauka zalunci ne. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta tanadi a keɓe musu gurabe a wuraren ajiye motoci, ta kuma tanadi tara ga mai lafiyar da ya shiga, amma mai karatu ya tambayi kansa sau nawa ya ga an bar irin wannan gurbi ga masu shi. Dokar ta zo ta tarar da ɗabi'a ta riga ta zauna daram. Gurbin caji kuwa sabon abu ne, babu wanda ya gaje shi, babu wanda zai ce a nan ubansa yake fakin, saboda haka icce ne ɗanye da har yanzu za a iya tanƙwarawa ba tare da an karya kowa ba.

Ya kamata a fahimci abin da ya bambanta wannan gurbi da sauran gurabe, domin daga nan hujjar take. Mai motar fetur da ya rasa wurin fakin a bakin ƙofa zai iya zagayawa baya, ya ajiye motarsa, ya tako da ƙafa, asararsa ba ta wuce 'yan mintoci da ɗan gumi ba. Mai motar lantarki da batirinsa ya yi ƙasa ba shi da wannan zaɓi, domin wayar na'urar caji ba ta wuce 'yan mitoci ba, galibi kamar biyar, kuma ba irin wayar da za a yi wa ƙari da wata a jawo ta tsallaken titi ba ce. Idan an tare wannan gurbi, an tare na'urar baki ɗaya. Sannan akwai bambancin lokaci. Cika tankin fetur aikin minti biyar ne, amma na'ura mai ƙarfin kilowat 7, irin wadda aka fi kafawa a otal-otal da harabar ofisoshi, takan ɗauki awa shida zuwa tara kafin ta cika batirin matsakaiciyar mota, mai saurin nan ta kilowat 50 kuma takan buƙaci wajen rabin awa zuwa awa guda ta kai shi kashi 80 cikin ɗari. Na'ura ɗaya ke nan motoci ƙalilan za ta iya sallama a yini, kuma duk awar da aka tare ta, rabon wani ne aka zubar wanda ba zai dawo ba.

A Turai ma haka lissafin yake, sai dai namu ya fi tsanani saboda halin wutarmu. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, bambancin da ke tsakanin rukunan masu amfani da wuta ya ƙara fitowa fili, kuma mafi yawan unguwannin da kamfanin rarraba wuta na KEDCO ke bai wa wuta ba sa cikin wannan rukuni. Wurin cajin da ya dogara da layin gwamnati yana aiki ne a sa'o'in da aka kawo wuta. Wanda ya dogara da hasken rana kuma ƙarfinsa yana tsakanin hantsi da la'asar, wato daidai lokacin da kasuwa ta cika kuma kowa yake neman inda zai saka mota. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan garuwa sun jera kurarsu a bakin rijiyar burtsatse suna jiran a kawo wuta ya san darajar waɗannan sa'o'i, ya kuma san abin da zai faru idan wuta ta zo aka tarar wani ya gindaya motarsa a bakin famfon ya shige gidan biki. Babu wanda zai saurari bayanin cewa titi na kowa ne.

Kwanakin baya na ga yadda abin yake kasancewa a harabar wani rukunin shaguna, inda mai wurin ya kafa na'ura guda mai aiki da hasken rana, a ƙarƙashin rumfa, dab da ƙofar shiga. Wata baƙar jif ta shigo ta nufi inuwar kai tsaye. Maigadin, dattijo ne da furfura, ya taso da sauri ya ɗan rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, nan wurin caji ne, da ka ɗan matsa gaba kaɗan." Mai motar bai ko kalli allon da ke jikin bango ba, ya ce, "Baba, minti biyu ne, saƙo kawai zan karɓa," ya damƙa masa na goro ya haye bene. Ba a jima ba sai ga wani matashi da adaidaita mai batir, ya tsaya a bayan jif ɗin ya leƙo.

"Baba, mai motar nan fa?"

"Wallahi ɗana, ya ce yanzu zai fito."

Yaron ya sauko ya jawo wayar iya tsawonta, ya ga ba za ta kai ba, ya mayar ya rataye, ya koma ya zauna yana duba ma'aunin batirinsa, fasinjoji suna wucewa a bakin titi suna ɗaga wa wasu hannu. Sai da aka kira sallar la'asar mai jif ya sauko, kuma cikin mutunci ya ce, "Ayya, yi haƙuri samari, ban san ana jira ba." Na yarda bai sani ba, kuma ba na zaton mugun mutum ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matsayin dattijon nan, wanda aka ɗora wa tsare wurin ba tare da an ba shi abin da zai tsare shi da shi ba. Ba zai iya ɗaga wa mai jif murya ba, domin wataƙila abokin maigidansa ne, kuma bakin aikinsa ke nan. Da akwai doka da tara, da abin da zai ce shi ne, "Ranka ya daɗe, tara ce idan suka zo," kuma wannan jumla takan tayar da motar da roƙo ba ya tayarwa.

Wannan ya kai mu ga kuskuren da ake yawan yi, na ɗaukar cewa dokar gata ce ga masu hannu da shuni. Attajirin da ya sayi motar lantarki yana da gareji, yana da sola a saman rufi da batura a ɗaki, motarsa tana kwana tana caji, da safe ya fita da ita a cike. Shi ne mutum na ƙarshe da zai damu da na'urar bakin kasuwa. Wanda rayuwarsa ta rataya a kanta shi ne ɗan adaidaitan da ke haya a ɗaki ɗaya a Kurna ko Rimin Kebe, wanda ba shi da inda zai ja waya, kuma dole ya kai wa mai mashin balas da daddare ko ya yi aiki ko bai yi ba. Sai direban tasi, sai mai kai saƙo a babur, sai matafiyin da ya taso daga Kaduna ya ci sama da kilomita 200 kuma yana son wucewa Katsina ko Haɗeja. Lissafin da ke jan waɗannan mutane zuwa ga lantarki a bayyane yake. Mota matsakaiciya takan ci kamar yunit 16 a tafiyar kilomita 100, wanda a farashin naira 225 na Afrilun 2024 bai wuce naira 3,600 ba, alhali takwararta mai shan lita 8, a ɗauka ana sayar da lita naira 900, za ta lashe naira 7,200. Wurin caji na kasuwa zai ɗora ribarsa a kai, duk da haka rata tana nan. Amma mutum ba zai ci bashi ya sayi mashin mai batir ba idan ya san zai iya isa wurin caji a tsakiyar rana ya tarar an toshe, kuma ɗan kasuwa ba zai zuba miliyoyi ya kafa na'ura ba idan ya san rabin yini inuwar fakin kyauta za ta zama.

Ba kuma a ce lamarin ya yi mana nisa ba. Tun a shekarar 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta kuma yi irinta a Jami'ar Legas. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas masu shan fetur zuwa masu batir. Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu amfani da mai a 2024, Ruwanda kuma ta daina yi wa sababbin baburan haya masu shan fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025. Kano, wadda kusan duk sufurinta na cikin gari ya rataya a wuyan adaidaita sahu, ba za ta zauna a gefe ba.

Ƙasashen da suka riga mu sun sha wannan rigima, kuma akwai abin koyo a yadda suka tsara kalmomin dokarsu. Jihar Washinton ta Amurka ta sanya tarar dala 124 tun 2013, Kolorado ta sanya dala 150 a 2019, Jamus kuma ta mayar da tarar yuro 55 daga Nuwamban 2021. Adadin kuɗin bai dame ni ba, domin kowace ƙasa da aljihun mutanenta. Abin lura shi ne sharaɗin da Kalifoniya ta rubuta a dokarta ta 2011, cewa mota ba za ta tsaya a gurbin ba sai tana jone don caji, in ba haka ba a janye ta. Dokar ba ta tambayi ko motar ta fetur ce ko ta lantarki ba, abin da take yi a wurin kawai ta tambaya. Wannan shi ne abin da nake so Kano ta ɗauka, domin da shi ne dokar za ta tsira daga zargin 'yan mowa da 'yan bora.

Dalili kuwa shi ne mai motar lantarki ma yana iya zama mai tare wuri, kuma tasa tarewar ta fi ciwo domin ya san abin da yake yi. Zai iya ajiye motarsa a gurbin ba tare da ya jona ba don kawai inuwa ce, ko ya jona da safe ya shige ofis sai yamma, alhali batirin ya cika tun kafin azahar. Kamfanin Tesla da kansa ya ga haka a tashoshinsa, shi ya sa a watan Disamban 2016 ya fara karɓar santi 40 na dala daga abokan cinikinsa kan kowane minti da mota ta zauna bayan ta cika, tare da yafe kuɗin ga wanda ya ɗauke tasa cikin minti biyar. Idan kamfanin da ke sayar da motocin bai ji nauyin hukunta masu sayensu ba, babu dalilin da zai sa hukuma ta ji. A wurinmu ina ganin a ba da rangwamen kamar kwata ɗaya na awa bayan caji ya ƙare, domin mutum yana iya kasancewa a sahun salla ko a layin banki, bayan haka hukuncinsa ya zama daidai da na mai motar fetur. Idan ba a yi haka ba, gurbin caji zai koma wurin fakin na alfarma ga masu sababbin motoci, kuma a ranar mai motar fetur yana da gaskiya idan ya raina dokar.

Inda gizo ke saƙar shi ne aiwatarwa. Kano ba ta rasa ƙarfin tilasta doka a kan hanya ba. A watan Janairun 2013 gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur, kuma sana'ar acaɓa da dubban mutane ke ci da ita ta ɓace daga cikin birni kusan a dare ɗaya. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar wadda aka kafa a 2012, tana da ma'aikata a kusan kowace mahaɗa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne yarda tsakanin direba da mai kaki, kuma yajin aikin da 'yan adaidaita suka yi a 2021 kan harajin naira 100 na kullum, da wanda suka sake yi a farkon 2022 kan kuɗin sabunta izini, sun nuna yadda direbobi ke kallon duk wani sabon kuɗi da aka ce su biya. Duk wanda ya kawo shawarar sabuwar tara a garin nan wajibi ne ya amsa tambayar da direba zai fara yi, wato ko wannan ma wata sabuwar hanyar tatsa ce.

Amsar tana cikin yadda aka rufe ƙofofin ciniki. Kada a ci tarar kowa a gurbin da ba a shafa wa fenti ba kuma ba a kafa masa allo ba, allon kuma ya kasance da Hausa, da boko da ajami, da hoton da wanda bai yi karatu ba zai gane, kuma a rubuta adadin tarar a jikinsa da manyan lambobi. Adadin da aka rubuta a bango ba ya hawa ko sauka gwargwadon tsadar motar mutum ko laushin bakinsa. Jami'i ya ɗauki hoton motar da lambarta da na'urar a wayarsa, ya manna takarda a gilashi, biyan kuma ya zama ta banki zuwa asusun gwamnati tare da rasit, ba tare da naira ɗaya ta ratsa hannun wanda ya rubuta takardar ba. Wanda yake ganin an zalunce shi ya sami kotun tafi-da-gidanka da zai kai kuka, hoton nan ya zama shaida a kansa ko a gare shi. Ina kuma ganin watannin farko su zama na gargaɗi kawai, a yi ta shela a gidajen rediyo, waɗanda a Kano sun fi kowace takardar sanarwa isa kunnen direba, a kuma zauna da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan adaidaita tun kafin a fara. Motar janwe ita ce matakin ƙarshe, ga wanda aka nema aka rasa alhali wani yana jira. Sanya wa mota ƙarfe a taya kuwa ba shi da ma'ana a nan, domin ƙara daskarar da ita ne a wurin da ake so ta bari.

Mafi yawan na'urorin da za a kafa nan gaba kaɗan ba a gefen titin gwamnati za su kasance ba, a harabar otal-otal ne da gidajen mai da manyan shaguna irin na titin gidan Zoo, kuma a nan masu wuraren suna da nasu alhakin. Wanda ya kafa na'ura a bakin ƙofa, a ƙarƙashin rumfa ɗaya tilo da ke harabar, a watan Afrilu da rana ke dukan ƙwaƙwalwa, shi ya gayyato rigimar da hannunsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mai caji wuta yake nema, ba kusanci da ƙofa ba, don haka a kai na'urar can gefe inda ba kowa ke sha'awa ba, a tsara ta yadda waya ɗaya za ta iya kaiwa gurabe biyu ko uku, a sa sarƙa ko ƙarfen da maigadi zai buɗe wa mai caji kaɗai. Hukumar tsara birane, KNUPDA, tana iya sanya waɗannan cikin sharuɗɗan amincewa da zanen sababbin gine-ginen kasuwanci, kuma dokar ta ba mai wuri damar yi wa gurbinsa rajista don jami'ai su iya shiga harabarsa idan ya kira. Haka kuma mai hankali ba zai kafa na'ura a jikin masallacin Juma'a ba sannan ya yi tsammanin gurbin zai tsira da ƙarfe ɗaya na rana. Inda ya zama dole, a rubuta a allon cewa an ɗage dokar na wannan sa'a, ya fi a bar ta ana taka ta kowane mako a gaban dubban mutane.

Akwai kuma wani sharaɗi da nake ganin ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da ƙasashen da na ambata, wato halin na'urar kanta. Mun saba da aikin da ake buɗewa da tambura, bayan wata shida ya mutu, allonsa ya ci gaba da tsayuwa shekara da shekaru. Idan na'ura ta lalace aka bar ta, sannan aka ci gaba da cin tarar mutane a gabanta, to an mayar da doka tarko, kuma direban da aka ci tararsa a gaban mataccen ƙarfe ba zai sake girmama allon ba ko a inda na'urar take da rai. Saboda haka dokar ta ɗora wa mai na'ura cewa idan ta daina aiki fiye da 'yan kwanakin da aka ƙayyade, ya rufe allon, gurbin ya koma na kowa har sai an gyara. Ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i daban ce, domin wuta tana iya dawowa a kowane lokaci, kuma bai kamata ta dawo ta tarar da mota a kulle ba. A irin wannan hali, wanda yake zaune cikin motarsa kuma zai matsa da zarar mai caji ya zo, ban ga dalilin damunsa ba.

Wani malami da muka tattauna da shi ya kawo hujjar da ta fi duk sauran ƙarfi a wurina, cewa asalin wurin da jama'a suka yi tarayya a cikinsa na wanda ya riga zuwa ne, kamar wurin zama a masallaci ko a kasuwar ƙauye, don haka da wane dalili za a tashi wanda ya riga saboda wanda bai zo ba tukuna? Na yarda da asalin, amma mun daɗe da karɓar cewa shugaba yana iya keɓe wuri don maslaha. Babu mai jayayya cewa ƙofar sashen gaggawa na asibiti ta motar ɗaukar marasa lafiya ce ko da babu ita a lokacin, ko cewa layin lodi a tashar Unguwa Uku na motar da ke kan layi ne. Ƙa'idar rigaye tana nan a cikin gurbin caji, sai dai tsakanin masu caji take aiki: wanda ya riga zuwa da buƙatar wuta shi ne a gaba, ko adaidaita ce ta riga motar miliyan hamsin. Ƙa'idar da ta fi dacewa da mai tare wuri ita ce wadda kowane ɗalibin fiƙihu ya haddace, cewa babu cuta babu cutarwa, domin amfanin da ya samu na inuwa da gajeriyar tafiya bai kai kusa da asarar yinin da ya jawo wa wani ba.

Saura batun waɗanda doka takan tsallake. Kowa a Kano ya san motocin da ba a tsayarwa: masu lambar gwamnati, masu baƙin gilashi da jiniya, masu hular kaki a gaban gilashi, da masu cewa a kira wane a waya. Idan aka kafa na'urori a sakatariyar Audu Baƙo ko a harabar wata ma'aikata, jarrabawar farko za ta zo ne daga irin waɗannan motoci, kuma ƙaramin jami'in da aka tura ba zai iya ba sai dokar ta tsaya masa. Don haka a rubuta a cikinta cewa babu wanda aka togace sai motar kashe gobara da ta asibiti da ta jami'an tsaro a lokacin da suke bakin aikin gaggawa, tarar motar gwamnati kuma a cire ta daga albashin wanda aka damƙa wa motar, kada a biya daga baitulmali. Tunda hoto ne shaida kuma banki ne mai karɓa, jami'in ba ya buƙatar yin sa-in-sa da kowa, ya ɗauki hotonsa ya wuce. Hukumar kuma ta riƙa wallafa adadin takardun da ta rubuta duk wata uku, da yawan waɗanda aka biya da waɗanda aka soke da dalilin sokewar, domin Majalisa da ƙungiyoyin direbobi su iya dubawa su ga ko motocin da ake kamawa na talakawa ne kaɗai.